Na Ƙasan Gada

Ku samarin da kuke taruwa a ɗakinmu na unguwar Ulaisha, nan Riyad, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kun dame ni da magana guda: Baba Sani, ka samo mana aikin hafla. Hafla ita ce taron kiɗa a bakin Larabawa. Kun gani a waya, fitilu suna juyawa, mutane suna tsalle, sai kuka ɗauka aikinmu shi ne tsayawa a gefe ana kallon kyauta. Ni ba mai yawan magana ba ne, karatuna kuma bai wuce firamare a Tasawa ba, amma na ga gara in rubuta muku sau ɗaya yadda aikin yake. Zan haɗa da abin da ya same ni a kakar nan, lokacin da saura kaɗan a cire ni daga dandamali a zaunar da ni gadin ƙofa.

Aikinmu dako ne, ku fara riƙe wannan. Kamfanin da ya yi mana iƙama, wato takardar zama, yana da babban sito a Sulai, can cikin garejoji da ma'ajiyar kaya. Da can hayar rumfuna da kujeru yake bayarwa ga masu biki. Da aka buɗe ƙofar kiɗa a ƙasar nan, mai kamfanin ya sayo lasifikoki da fitilu da ƙarafan dandamali, mu 'yan dako aka wuce da mu cikin sabon aikin ba tare da an tambaye mu ba. Mu biyu ne Hausawa a lokacin, ni da Ilu. Iliyasu sunansa, mutumin Mirya ta ƙasar Damagaram. A kasuwar Aziziya muka haɗu muna sauke kwalayen tumatir, tare muka bar ta, tare muka shiga kamfanin. Ya rasu bara cikin Sha'aban, a nan aka binne shi. Allah ya jiƙansa. Sunansa zai yi ta fitowa, don ban san yadda zan yi bayanin aikin nan ba tare da shi ba.

Kebur na farko da na naɗe, Abu Hashim ya warware shi a gabana ya yar a ƙasa. Abu Hashim shi ne mudir ɗinmu, wato shugaban ma'aikata, ɗan Sudan ne, dogo, ya yi aikin gidan rediyo a ƙasarsu kafin ya zo nan. A gwiwar hannu na naɗe kebur ɗin, yadda muke naɗe igiyar guga a gida. Shi kowa ya zol yake kiransa, yadda 'yan Sudan suke kiran mutum. Ya ce, "Ya zol, wannan ba igiyar akuya ba ce. Akwai siraran wayoyi a ciki. In ka murɗe su yau, ran hafla za su yi shiru a bakin mawaƙi." Ya nuna mini: zagaye ɗaya gaba, na biyu a juya hannu, haka har ƙarshe, yadda in an jefa shi zai miƙe ba ƙulli. Na daɗe ina naɗewa yana warwarewa. Ilu ya riga ni iyawa, sai ya riƙa zuwa yana tsaya mini a kai yana cewa, "Ɗan Tasawa, ko in aika a kawo maka akuyar ne ka huta?"

Kayan aikinmu ba su da yawa. Safar hannu mai kauri, takalmi mai ƙarfe a baki, ƙaramar tocila, sifana guda, da baƙin salatif da ake liƙe kebur da shi a ƙasa don kada wani ya harɗe. Sai abin toshe kunne, wanda sababbi suke jin kunyar sawa har sai kunnensu ya fara yi musu ƙara shi kaɗai a ɗaki. Amma uwar kayan ita ce gada. Gada muke kiran faffaɗan ƙarfen nan da ake jinginawa daga bakin tirela zuwa ƙasa. Duk kayan kiɗa cikin baƙaƙen akwatuna masu taya suke zuwa, wani ya kai nauyin bijimi, kuma ta gadar nan kowanne zai sauka. Mutum biyu ke sauke akwati, suna fuskantar juna. Na ƙasa yana tafiya da baya, nauyin yana kan ƙirjinsa da gwiwoyinsa, ba ya ganin inda zai taka. Na sama yana riƙe da hannun akwatin don kada ya kufce, kuma shi ne idon na ƙasa. Shi zai ce dama, hagu, tsaya, saura kaɗan. In na sama ya yi shiru a inda ya kamata ya yi magana, na ƙasa ne zai karye.

Ni ne na ƙasa, Ilu na sama, tun ranar farko. Ba wanda ya raba mana. Na fi shi ƙarfi, ya fi ni baki. Bakin Ilu ba ya hutawa a kan gada. Yana ba ni hanya yana haɗawa da labarin surukinsa, da tsadar albasa, da wanda ya hana ɗaki barci da minshari. Na saba har na daina bin kalmomin, muryar kawai nake bi. In ta ɗaga in tsaya, in ta kwanta in ci gaba.

Masu Furfura sun fara zuwa ne a kakar farko ta manyan hafloli. Ba sunansu ke nan ba, Ilu ne ya raɗa musu. Da muka ji za a kawo 'yan kiɗan rok daga Turai mun zaci yara ne masu rawar kai, sai ga dattawa huɗu, ɗaya har da tabarau na karatu rataye a wuya. Mai waƙa, mai jita, mai ɗaya jitar mai kaurin murya, da mai ganguna. Kafin mu gan su, akwatunansu muka fara gani. Kowanne a lulluɓe yake da takardun manni na filayen jirgi da garuruwa, wata kan wata, kusurwoyin sun lotse, an sake musu taya ba sau ɗaya ba. Ilu ya shafa wani ya ce, "Wannan akwatin ya fi mai kamfaninmu yawo." A nan na fara gane abin da rangadi yake nufi a wurinsu. Su yi wasa a wannan gari, kayan su kwana a hanya, su sake yi a wani, wata da watanni. Waƙoƙin nan dai su ne, amma kowane gari sai an kafa komai daga tushe kamar ba a taɓa yi ba.

Da la'asar sakaliya suka zo gwajin sauti, fili ba kowa sai mu. Mai gangunan ya zauna ya yi ta dukan ganga ɗaya, ita kaɗai, har na gaji da ji, mutumin da ke kan na'urar daidaita sauti can tsakiyar fili yana ɗaga masa hannu ya sake. Da ya gama da ita ya koma ta kusa. Mutumin da yake kiɗa tun ba a haifi yawancinku ba, bai ce ya wuce wannan ba. Da aka kira magariba Abu Hashim ya ɗaga hannu, komai ya tsaya cak. An riga an gaya musu. Suka ajiye kaya suka zauna a bakin dandamali suna shan ruwa, mu kuma muka shimfiɗa kwali a bayan akwatuna muka yi salla.

Ba zan ce muku na ji daɗin kiɗan a ranar ba. Ƙara na ji. Ni da na tashi da goge da kalangu, na rasa inda kan abin yake. Amma daga inda aka tsayar da mu, gefen dandamali ta hagu, mutum yana ganin abin da 'yan kallo ba sa gani. Na ga mai ganguna da mai jita mai kaurin murya ba sa ɗauke ido daga juna. Na ga tsirkiyar jita ta tsinke a tsakiyar waƙa, mutuminsu ya fito a sunkuye da wata jitar, aka yi musaya, kiɗan bai yi ko tuntuɓe ba.

A ranar ne kuma muka yi abin da har yau ake ba sababbi labari a sito. Mai waƙar ya ɗaga hannu ya yi godiya, har da shukran ya Riyad, su huɗun suka sauka, fitilu suka mutu. A wurinmu in makaɗi ya yi sallama ya rataya gangarsa, an tashi ke nan. Ilu ya ce, "Ɗan Tasawa, yalla, mu rage aiki." Muka hau cikin duhu. Shi ya zare kebur ɗin lasifikar da ke gaban mai waƙa, ni na fara ɓanɓare salatif. Jama'a kuwa ba wanda ya motsa, sai ihu da buga ƙafa. Ilu ya ce mini, "Waɗannan ba su da gidaje ne?" Sai ga Abu Hashim a guje, shi da ko saurin tafiya ba ya yi, yana cewa mu mayar, za su dawo. Ashe al'adarsu ce. Su yi kamar sun tafi, jama'a su roƙe su, su dawo su yi waƙoƙin da aka fi so. Kowa a filin ya san haka sai mu biyu. Ni na samu na dira. Ilu kuwa fitila ta kama shi a tsugune gaban mai waƙa yana mayar da kebur. Mai waƙar ya dafa kafaɗarsa ya faɗi wani abu a makirufo, fili ya ɗauki tafi. Ilu ya sauko yana karkaɗe gwiwa yana cewa, "Mutum ya yi sallama kuma ya dawo. A Mirya irin wannan baƙon ake ɓoye wa tuwo." Daga ranar muka san ba a taɓa komai a dandamali sai an kunna fararen fitilun fili duka, mudir kuma ya ce halas, wato an gama.

Ba duk masu zuwa ne irinsu ba. Mun taɓa kafa wa wani mawaƙi dandamali, aka ce mu jera ganguna da jitoci amma kada mu jona ko ɗaya. Faifai aka sa, yaransa suna ta motsa hannu, shi yana buɗe baki. Jama'a sun yi tsalle, sun tafi gida da murna. Mu da muka san kebur ɗin yana naɗe a akwati, ba mu ce komai ba. Wannan ma yana cikin aikin.

Shekarar korona ita ce mummunar shekararmu. Aka rufe komai, akwatuna suka hau kan juna a sito har kusa da rufi, aka sallami da yawa. Abu Hashim ya riƙe mu kaɗan ya ƙirƙiro mana aiki. Mu kwance tayoyin akwatuna ɗaya bayan ɗaya, mu wanke, mu sa giris, mu mayar. Mu warware kowane kebur, mu gwada, mu sake naɗewa. 'Yan garinmu na Aziziya, waɗanda dama barorin makaɗa suke kiranmu, suka ce mu dawo tumatir tunda ita ba a rufe ta ba. Ilu ya so ya koma, ni na ce mu jira. Mun ɗan ja a kan wannan, daga baya ya zauna. Lasifika in ta daɗe ba ta yi magana ba takan lalace, saboda haka duk Alhamis Abu Hashim yakan jona manyan ya sa musu sauti. Wata Alhamis Ilu ya roƙe shi ya sa Masu Furfura. Na faifai ne, an gyara komai tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Muka saurara a cikin sito har ya ƙare. Ilu ya ce, "Su ne, amma ba sa nan."

A zuwansu na biyu, bayan an sake buɗewa, kunnena ya buɗe. Mai waƙar ya iso da dasasshiyar murya daga garin da suka baro, duk yinin ruwan ɗumi da zuma yake sha, ba ya magana da kowa sai da hannu. Na ce a raina yau za a ji kunya. Da aka zo wurin da waƙa take hawa sama, muryar ta ƙi. Bai ɓoye ba. Ya juya makirufo ga jama'a, sai 'ya'yan Larabawan nan, maza da fararen riguna, mata da abaya, suka ɗauke waƙar da Turanci tun daga farkonta har ƙarshe. Mai jita ya tsawaita nasa wurin don mutumin ya sami numfashi. Mai ganguna ya sassauta kaɗan, sauran suka bi shi ba tare da wani ya waiwaya ba. Kiɗan nan ba a kunne yake shiga ba. Ƙarfen da kake tsaye a kai ne yake rawa, ya bi ta ƙafarka ya tsaya a ƙirji. Wayarku ba za ta ba ku wannan ba, kuma abin da aka yi a ranar ba a sake yin irinsa a wani gari ba. Da aka tashi ni na kai wa mai gangunan bokitin ƙanƙara. Ya tsoma hannuwansa duka biyu a ciki, yatsun a naɗe da filasta, ya rufe ido. Ya ce mini wata kalma, na ce masa wata, ba wanda ya ji wani.

Bayan rasuwar Ilu aka riƙa haɗa ni da duk wanda aka samu. Yau ɗan Nepal, gobe ɗan Uganda. Mutanen kirki ne, sun iya aiki, amma ba na jin muryarsu. Wata rana muna sauke akwatin fitilu, na sama ya faɗi wani abu, kafin in juya shi a raina dunduniyata ta zame daga gefen gada. Akwatin bai faɗi ba, sai dai gwiwata ta dama ta karɓi nauyin duka. Na ɗan kwana biyu ina ɗingishi. Da na dawo Abu Hashim ya kira ni ofishinsa, wanda kwantena ce da aka sa wa na'urar sanyi, ya zuba mini shayi.

Ya ce, "Ya Sani, ƙasan gada ya ƙare maka."

Na ce, "Gwiwar ta warke."

"Ta warke a zaune. Akwai kujera a bakin ƙofar sito, akwai inuwa. Ka buɗe wa tirela, ka rufe. Iƙamarka ba za ta taɓu ba."

Na san kujerar. Mai zama a kanta yana ganin kaya sun fita, yana ganin sun dawo, abin da aka yi da su a tsakani sai dai a ba shi labari. Kuma an riga an fara cewa Masu Furfura za su zo cikin kaka, rangadinsu na ƙarshe.

Na ce, "A mayar da ni sama."

Ya yi 'yar dariya. "Na sama magana yake yi, ya zol. Kai duk zamanmu, in an tara maganarka ba za ta cika kofin nan ba."

"Zan yi."

Ya ajiye kofin. Sannan ya ce, "Samo wanda zai yarda ya tsaya maka a ƙasa. Ranar da tirelar Turawan nan ta iso, ku sauke babban akwatin na'ura a gabana. Ka yi haflar. Bayan nan zan faɗa maka inda za ka zauna."

Bashari na samu. Mutumin Gusau ne, magidanci, ya yi tuƙi a gidan wani Balarabe har ya gaji, aka yi masa canjin kafili, wato ubangidan da ke riƙe da iƙamarsa, zuwa kamfaninmu. Ƙato ne, kuma ba ya raga wa kowa. Da na gaya masa ya ce, "Baba Sani, ni fa ina da iyali. In ka kashe ni wa zai riƙe su, kai?"

Na ce, "Ba zan kashe ka ba."

Ya ce, "Ka ga wannan? Ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji a bakinka."

Amma ya yarda. Lokacin hutun azahar, in sauran sun miƙe a kan kwalaye, sai mu jingina gada a wata tirela da ke ajiye cikin sito. Muka fara da akwatin da ba komai a ciki, daga baya muka cika shi da kebur. Ranar farko ina ganin ƙafarsa tana nufar gefe, na san abin faɗi, amma kafin kalmar ta fito ya riga ya taka iska. Ya dira da ƙafa ɗaya ya ce, "Baba, in hagu ne ka ce hagu. Ba fatawa na tambaye ka ba da za ka tsaya nazari." Muka sake. A wannan karon na yi sauri na ce dama, shi kuwa ya matsa inda nake gudun ya matsa, ya sake dira. Muka tsaya muna kallon juna. Sai na gane. Tunda muna fuskantar juna, damata hagunsa ce. Duk shekarun nan Ilu da hannuna yake ba ni hanya, ba da nasa ba. Kowace dama da ya faɗa sai da ya juya ta a ransa kafin ta fito, a tsakiyar labarin albasa, kuma ban taɓa lura ba. Na ce wa Bashari ya isa na yau.

Washegari na dawo. Na koya wa kaina in daina kallon akwati, in kalli dunduniyarsa da abin da ke bayanta. Na koya wa kaina in manta da hannuwana. Abu na ƙarshe Bashari ne ya koya mini. Ya ce shirun da nake yi in hanya ta miƙe shi ya fi ba shi tsoro, don bai sani ba ko lafiya ce ko na tafi tunani. Na ce ni ba ni da labarai. Ya ce, "Wa ya tambaye ka labari? Ko tafi ce ka yi ta faɗa, in dai ina jin kana nan." Haka muka yi ta yi har kaka ta shigo.

Tirelar ta iso filin da hantsi. Babban mutumin Masu Furfura, wanda yake kula da kayansu, yana tsaye da kofin gahawa. Abu Hashim ya harɗe hannuwa a gefe. Akwatin na'urar dogo ne, shi ya fi kowanne nauyi, kuma in ya faɗi babu hafla. Muka fito da shi bakin gada. Na ce tafi, Bashari ya fara ja da baya. Tafi, tafi, daidai, tafi. Gadar ranar mai gaɓa biyu ce. Da muka kai mahaɗar, tayar gaba ɗaya ta juya a kaikaice ta maƙale, akwatin ya karkata. Na ga kafaɗun Bashari sun taru, zai tura da ƙarfi, kuma in ya tura kifewa zai yi a kansa. Na ce, "Tsaya. Kada ka tura. Sa kafaɗarka ta hagu a kusurwa. Riƙe haka. Ina nan." Na jingina baya na jawo akwatin sama kamar taƙi ɗaya. Gwiwata ta yi magana, ban amsa mata ba. Tayar ta miƙe. Na ce, "Yanzu tafi. Ɗaga ƙafar dama, akwai baki. Tafi. Saura kaɗan. Ƙasa." Tayoyin huɗu suka taɓa siminti. Bashari ya share fuska da gefen riga ya ce, "Wallahi Baba, yau huɗuba ka yi." Abu Hashim ya warware hannuwansa. Akwati na gaba ya nuna ya ce yalla.

Bayan isha suka hau. Sun ƙara tsufa. Mai gangunan sai da ya dafa ƙarfe kafin ya taka matakala, na ga yana cije baki. Amma da ya zauna ya haɗa sandunansa sau huɗu, babu tsoho a kan dandamalin nan. Sun yi waƙoƙin da na sani, wasu kuma sun sake musu tafiya har sai da aka yi nisa na gane su. Can wajen ƙarshe suka yi abin da ban taɓa ganin sun yi ba. Mai ganguna ya sauko, su huɗun suka tsaya a gaba kafaɗa da kafaɗa da jita guda ɗaya wadda ba a jona ta da komai ba, suka haɗa murya a makirufo ɗaya. Filin nan da yake girgiza ya yi tsit, har ina jin janareta can baya. Na cire abin kunnena. A inda Ilu yakan tsaya wani ya ajiye kwalin ruwa. Na matsar da shi, na bar wurin haka.

Kayansu sun wuce filin jirgi tare da mutanensu, wani gari yana jira. Namu kuma washegari bayan azahar suka dawo Sulai. Muna cikin saukewa, ni a sama Bashari a ƙasa, Abu Hashim ya zo ya tsaya a gindin gada. Ya bari muka kai akwati ƙasa, sannan ya kira ni.

Ya ce, "Yaya gwiwar?"

Na ce, "Tana nan."

"Na ga yadda ka sauko matakala jiya."

Na gyara safar hannuna.

Ya ce, "Kakar nan kana sama, kai da ƙaton nan. Kujerar ba zan ba kowa ita ba tukuna. Baɗi, in Allah ya kai mu, zan sake duba gwiwar."

Na ce masa ya duba. Na hau tirela na kama hannun akwati na gaba, don saura rabin kaya, Bashari kuma ya riga ya dafa nasa gefen yana jira in yi magana.